Larabar da Zuwaira ta kama ni ina ɓarnar icce

Har in bar duniya ba ni mance Larabar da yarinya 'yar aji uku ta kama ni da maguɗi a bakin murhuna, gaban direkte da kowa da kowa. Ku da kunka shigo aikin kantin bayana, kun iske murhun laka a madafa, kuna tsammanin da shi anka gina makarantar. To ku zauna ku ji. Jikata ke rubutawa, na kuwa gaya mata kada ta gyara mani magana.

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa ma 'yan kolej tuwo a garinmu, can wajen Korgom. Ga wanda bai sani ba, kantin abincin rana ne da ake ba yaran ƙauyukan nesa, waɗanda ba su iya komawa gida su dawo. Direkte shi ne babba. Ƙasa da shi akwai surbeyan, mai usur da tsawa, sai ekonom mai mabuɗin sito, wanda ke auna mani hatsi kowace safiya. Ni ce uwar madafa. Icce kuwa yara ke nemowa: ran Laraba da marece babu karatu, sai surbeyan ya kora su daji, kowa ya dawo da ɗaminsa.

Bayan kaka anka kawo mana sabuwar malamar kimiyya, Madam Rakiya, siririya mai saurin tafiya. Ta buɗe abin da suke ce ma kulob, wato yara su taru bayan darasi su yi da hannunsu abin da sunka ji a aji. Ran Laraba ta zaɓa, don ita kaɗai ce ranar da ba kowa a azuzuwa. Na ga sun tace ruwan tabki da rairayi da gawayi. Na ga sun auna tsawon gawon bakin ƙofa da inuwarsa, ba wanda ya hau. Sai dai duk yaron da ke kulob ba ya zuwa daji, icce ya fara yanke mani tun ran Litinin.

Surbeyan ya kai ƙara. Madam ta ce yaranta na iya gina murhun da ba ya cin icce da yawa. Direkte ya yanke magana: kafin hutu mai zuwa a gwada a gabansa. In sabon murhu ya rage icce, Laraba ta kulob ce. In bai rage ba, an rufe kulob, kowa ya koma ɗaukar igiya.

Yaran kulob sunka shigo mani madafa da zaren awo, suna auna gindin tukwanena, suna Faransanci bisa kaina. Wani dogon yaro har ya ce, “Inna, ɗan matsa.” Ni, a madafata! Sunka ɗebo yumɓu mai kyau, sunka tankaɗe shi da rariya, sunka fidda duk wani haki, wai tsabta. Sunka gina, sunka bar shi tsakar rana ya bushe da wuri. Ni ɗiyar maginiya ce, cikin yumɓu na yi rarrafe, na san abin da za ya faru. Na kama bakina, tunda ba wanda ya tambaye ni. Ranar da anka sa mashi wuta, ko ruwa bai tafasa ba ya ce ƙas, ya dare gida biyu. Surbeyan ya yi dariya har usur ya faɗo mashi daga baki.

Washegari Madam ta zo ita kaɗai, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ni.

“Inna, an ce mahaifiyarki maginiya ce. Kin san za ya fashe?”

“Tun ranar rariya.”

“Shi ne kika yi shiru?”

“Ai ke ce mai takarda, ɗiyata. Ni matsawa anka ce in yi.”

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce saura Laraba huɗu a yi hutu. Nan kunya ta kama ni, don yaran ba su yi mani laifin da ya kai haka ba.

Larabar da ta biyo baya, ni ce malama. Na ce a kawo ƙaiƙayi da kashin jaki. Dogon nan mai “ɗan matsa”, shi na aika bayan kasuwa da buhu, ya dawo yana toshe hanci. Munka cuɗa da yumɓu, sunka tattaka da ƙafa, munka rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana bakwai ya ruɓa. Da munka gina, a inuwa ya sha iska, kullum ina shafe 'yar tsaga da jiƙaƙƙen hannu. Na sa sunka dasa duwatsu uku a ciki, don tuwon mutum ɗari ba shayi ba ne, in muciya ta shiga tukunya sai ta sami abin dogara. Su kuma sunka nuna mani abin da ban sani ba: tazarar tukunya da bango yatsa biyu, don zafi ya lashi cikinta kafin ya fita. Duk abin da na faɗi, wata shiru-shiru mai suna Zuwaira na rubutawa a littafinta. Kullum da rana tana rakuɓe bakin madafa, ni na ɗauka ƙanzo take jira.

Ranar gwaji, direkte ya zauna bisa kujera, ekonom ya kawo sikeli. Madam ta bayyana ƙa'ida: tukunya iri ɗaya, gari daidai, ruwa daidai, icce a auna kafin a auna bayan, kuma hannu ɗaya ya yi girkin duka biyu, wato nawa. Da tsohon murhu za a fara.

Na dubi yaran nan sun yi cirko-cirko, na tuna ƙayar da nake cire masu a ƙafa duk ran Alhamis. Na ce a raina yau sai sun ci. Na dinga cusa ma tsohon murhu icce, wuta na tashi har tana lasar bakin tukunya. Ko talge ban gama ba, sai Zuwaira ta ɗaga hannu.

“Madam, a tsaya. Inna ba haka take hura wuta ba.”

Na ce, “Ke, yaushe anka haife ki?”

Ta buɗe littafi. “Ki yi haƙuri, Inna. Sati uku ina ƙirgawa. Icce uku kike sawa, in tukunya ta tafasa ki janye ɗaya ki kashe shi cikin rairayi. Yau bakwai kika sa.”

Abokanta sunka yi mata ca da ido. Dogon ya ce, “Ke wai wajen wa kike?” Surbeyan ya ce, “To, Inna, yau ke za a rubuta cikin masu laifi.” Madam dai ta dube ni ta ce a hankali, “Inna, in munka ci da haka, ran Litinin icce za ya tona mu.”

Na sauke tukunya da kaina. Na ce ma ekonom ya sake awo. Na yi girkina yadda na saba, da duk rowar iccen da shekaru sunka koya mani, ban raga ma yaran ko tsinke ba. Sannan na koma ma sabon murhu. Tuwo ya nuna duka biyu. Ekonom ya ɗora ragowar icce bisa sikeli, yara sunka yi lissafi a allo. Ba rabi ya rage ba, yadda sunka yi ta cika baki. Cikin ɗami uku, ɗaya ya tsira.

Direkte ya dubi allon, ya ce ashe a kasa yara kashi uku: kashi biyu su tafi daji, ɗaya ya zauna kulob, a riƙa juyawa, kowa ya samu. Da muka... a'a, rubuta da munka ƙara murhun miya, zuwa dajin ya koma sati bi sati.

Abin da na koya, ku riƙe shi. Masu karatu ba raina mu suke ba kullum, wani lokaci ba su san akwai abin tambaya a wurinmu ba ne, mu kuma girman kai ya hana mu buɗa baki. Aikin awo kuwa ba ya son taimakon ƙarya, ko daga mai ƙaunarka. Zuwaira tana lise, makarantar gaba da kolej, a Tasawa yanzu. Duk hutu sai ta leƙo gidana ta ce, “Inna, icce nawa yau?” Ni kuwa in ce mata, “Uku, ja'ira. Zo ki ƙirga.”