Dokar da Malam Yahuza ya hana a yi wa biki

Ina tsaye gaban allo a makarantar sakandaren da nake koyarwa a Safana, da hantsi, sai mataimakin shugaban makaranta ya tsaya bakin taga ya yafuto ni. Da na fito bai ja gaisuwa kamar yadda ya saba ba. Ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam Nura, sai haƙuri. Allah ya yi wa Onarabul rasuwa da safiyar nan a asibiti, can Abuja." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san yana jinya, amma labarin da ke iso mana shi ne jiki da sauƙi. Na koma aji na rasa ta inda zan ci gaba da darasi, domin a cikin ɗaliban da ke zaune gabana akwai waɗanda mutuwar nan ta shafa fiye da yadda ta shafe ni.

Jama'a sun san shi da Onarabul, wakilinmu a majalisar tarayya. Ni kuwa Malam Yahuza na sani, wanda ya koya mana darasin harkokin mulki a Batsari tun muna yara, yana zuwa daga Wagini a kan wani tsohon babur da muke jin ƙararsa kafin mu hango shi. Yana da wata ɗabi'a a aji da ta sha ba mu wahala. In ka ba da amsa da Turanci tiryan-tiryan, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. To maimaita da Hausa." Nan da yawanmu muke tsayawa cak. Sai ya ce, "Abin da ka kasa faɗa wa kakarka ta gane, kai ma ba ka gane shi ba, hadda ka yi." Da ya tafi majalisa bai bar wannan hali ba. Duk wani babban ƙuduri da za a tattauna, in ya zo gida sai ya zauna ƙofar masallaci bayan la'asar ya warware shi da Hausa, ya saurari manoma da mahauta da masu kiwo. Akwai masu ƙorafin cewa bayaninsa ya fi rabon kuɗinsa yawa, kuma ya san ana faɗa. Ya taɓa ce mani, "Nura, rijiya ana ɗaukar hotonta. Doka ba ta da hoto, shi ya sa ba ta da farin jini."

Aikinsa na ƙarshe shi ne abin da nake so in shaida a kai, domin a ajina ya samo asali. Kowa ya san yadda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da rugage a yankin Tsaskiya, aka rufe makarantu, malamai suka watse. Yara da dama suka dawo wurinmu, muka karɓe su. Matsalar ba ta bayyana sai sun kai ajin ƙarshe. Ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar kammala sakandare sai da makin da ya tara a shekarun baya daga makarantarsa ta farko, makarantar kuwa an rufe ta, babu wanda za a je wa. Yaro yana zaune a aji, yana da ƙoƙari, amma ba shi da hanyar shiga ɗakin jarrabawa. Cikin waɗannan yara akwai Hafsatu, ɗiyar Baffa Buba, wani makiyayi da ya rasa mafi yawan shanunsa ya dawo ya zauna a gefen gari. Ban koyar da wadda ta fi ta natsuwa ba.

Na kai wa Malam maganar a wurin wani suna da muka haɗu. Na gaya masa har da shawarar da wasu suka ba ni, cewa mu zauna mu ƙirƙira wa yaran maki kawai, ba wanda zai bincika. Ya kalle ni ya ce, "Yarinyar da ta rasa gida da makaranta, abin da ya rage mata shi ne gaskiyarta. Kada ka karɓe mata ita da hannunka." Daga nan ya shiga shirya ƙudurin doka: duk ɗalibin da bala'i ya raba da makarantarsa, a yi masa gwaji a makarantar da ta karɓe shi, sakamakon ya tsaya a madadin makin da ya salwanta. Da farko yaran da 'yan bindiga suka kora kawai ya rubuta. Daga baya ya faɗaɗa shi ya haɗa da waɗanda ambaliya ko rikici ya tasa, ya riƙa bin takwarorinsa na kudu da na tsakiyar ƙasa ofis-ofis, yana tambayar kowa abin da ke korar yara daga makaranta a mazaɓarsa. Haka ya samu abokan ɗaukar nauyin ƙudurin daga jam'iyyu daban-daban.

Ranar da ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a majalisa, aka faɗa a rediyo. Matasan da ke tallata shi a waya suka baza cewa Onarabul ya yi doka, an gama. Ranar Litinin sai ga iyaye sun cika harabar makarantarmu da 'ya'yansu. Baffa Buba ya zo cikin rigarsa ta salla, da ƙwaryar nono a hannu zai kai wa shugaban makaranta. Ya ce, "Malam Nura, Allah ya yi. Ga ɗiyarku nan, a rubuta ta." Na ce, "Baffa, ba a gama ba tukuna, akwai saura." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yanzu ka fi rediyo sani?" Da yamma na buga wa Malam waya na gaya masa halin da ake ciki. Sai ya ce, "Ina zuwa."

Ya zo ranar kasuwar Batsari. Magoya bayansa sun shirya tarba, an ɗauko makaɗa, an ɗaura lasifika a bayan a-kori-kura. Ina kusa da shi lokacin da Alhaji Sani, wanda ke jagorantar yaƙin neman zaɓensa, ya gane abin da yake shirin yi. Alhaji Sani ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, ka bar su su yi murnarsu mana. Zaɓe fa ya ƙarato." Malam ya ce, "In na bar su suka yi rawa yau, ranar da aka hana 'ya'yansu rajista wa za su ce ya yi ƙarya?" Ya hau motar, ya ɗaga hannu makaɗa suka tsaya. Ya yi sallama, ya gaida dattawa, sannan ya ce abin da suka ji ba haka yake ba, doka ba ta zama doka ba. Ya bi matakan da suka rage ɗaya bayan ɗaya kamar yana aji: kwamiti zai duba, za a gayyaci jama'a a ji ra'ayinsu, a yi karatu na uku, a kai majalisar dattawa, sannan a jira sa hannun shugaban ƙasa, kuma a kowane mataki ƙudurin yana iya maƙalewa. Wani mahauci daga cikin taron ya ɗaga murya, "To Onarabul, mi muke wa kiɗa ke nan?" Malam ya ce, "Wallahi ni ma abin da na zo tambaya ke nan." Aka yi dariya, amma ba kowa ya yi ba. Na ga waɗanda suka juya suka tafi suna tsaki, kuma Alhaji Sani ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayarsa.

Daga kasuwa ya ce in raka shi Safana wurin Baffa Buba. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma ɗaya da shi. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar iyali da sauran dabbobi, ya ce, "Baffa, na zo in faɗa maka da bakina. Da wuya Hafsatu ta zauna jarrabawar bana." Baffa ya ja carbinsa. Can ya ce, "Da ka bar ni da labarin rediyo da na fi jin daɗi. Amma tun da muka baro ruga, kai kaɗai ne babban mutumin da ya tako ya faɗa mani abin da ba ni son ji." Malam ya roƙe shi abu biyu: ya bar yarinyar ta maimaita aji, kuma in ranar jin ra'ayin jama'a ta zo, shi da ita su je Abuja su yi wa kwamiti bayani da kansu, ni in raka su. Baffa ya ce, "Ni da ban iya Turanci ba?" Malam ya ce, "Ka yi da Hausa, in ka ga dama ka yi da Fulatanci. Su nemi tafinta. Aikinsu ne su ji ka." An rufe rajistar bana babu sunan Hafsatu. Ta dawo ajin da ta riga ta gama, ta zauna tare da waɗanda a da ke bayanta a aji, ba ta fasa zuwa ba.

A Wagini aka yi jana'izarsa, kamar yadda ya bar wasiyya. Na ga mutane sun zo a babura da ƙafa daga ƙauyukan da ban zaci an san shi ba, na ga mahaucin nan na kasuwa cikin masu ɗaukar makara, na ga Alhaji Sani yana kuka kamar ƙaramin yaro. A wurin zaman makoki Baffa Buba ya matso kusa da ni, ya yi mani gaisuwa, sannan ya rage murya ya ce, "Malam Nura, tafiyar nan tamu, ita ma ta rasu tare da shi?" Na ce ban sani ba, amma zan tambaya. Na sami mai taimaka wa marigayin kan harkar dokoki a cikin masu karɓar gaisuwa. Ya shaida mani cewa ƙudurin bai faɗi ba, tunda akwai sauran 'yan majalisar da suka ɗauki nauyinsa tare da shi, kuma gayyatar da kwamiti ya yi mana tana nan.

Na koma na faɗa wa Baffa. Na ƙara da cewa kada ya sa rai da yawa, wanda ke tsaye a kan maganar ba ya nan, muna iya zuwa mu yi bayani mu dawo a shekara ba a ji komai ba, Hafsatu kuma tana iya sake rasa wata jarrabawar. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Ban tambaye ka tabbas ba, Malam. A wace tasha za mu haɗu?"

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Yahuza, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ilimin da ya koyar ya zama haske a gare shi. Ka ba mahaifiyarsa, wadda ya bari cikin tsufa, da matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin jure wannan rashi, ka tsaya masu a inda ya kasance yana tsaya masu. Ka ba abokan aikinsa ikon ƙarasa abin da ya fara, ka buɗe bakin Baffa Buba da Hafsatu ranar da za su tsaya gaban manya, ka mayar da mutanenmu garuruwansu lafiya. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ka sa mu cika da imani. Amin.