Na'urar Sanusi Mai Jiran Suna

Ku da kunka san jikana Sanusi, kun san ba a tambayar shi abin da za shi ci gobe. In nic ce, "Angona, tuwon shinkafa ko fura?" sai shi ce, "Amarya, bari goben ta iso tukun." Magidanci da ɗiya biyu, haka yaƙ ƙare!

Da yad dawo Gummi daga karatun kwamfuta, yah haɗa wata na'ura mai aika saƙo wayoyin dangi, har Zugu da Anka, don a bar hawan mashin bisa hanyar da ba ta da lafiya saboda kai labari. Yac ce mani cikinta akwai 'yan aike, kowane da aikinai: na suna, na biki, na rasuwa. Ba a ɗaure ko guda da kowa ba. Sai sa'a ta yi a faɗi wanda za a kira, a miƙa mashi suna da gari da rana, shi tashi.

Nic ce, "Haka nika yi da ku tun kuna tsirara. Wanga kat tafi Sakkwato koyo?"

Yac ce, "Shi fa. Sai dai tawa ba ta zagi."

Ranar da anka yi wa kawunai Malam Umaru haihuwa, kawun yam matsa sai shi aika saƙon da hannunai. Wurin sunan jariri yas sa nashi. Kafin azahar Bukkuyum duk ta ji an haifi Malam Umaru, suna ran Talata! Wata tsohuwa har zanen goyo ta aiko mashi.

Yaz zo shina huci. "Kai yaro, rubuta sunayenmu ciki sau guda, kowa da wurinai, mu huta!"

Sanusi yac ce, "Kawu, ban san wanda za a haifa ba, ban san wanda za a ɗauka ba. Mi zan rubuta?"

Wata guda ba su gaisa ba, bai kuma rubuta ba.

Da ciwo yak kwantar da Sanusi, yaz zaunar da matatai Saude bakin gado, shina koya mata na'urar shina faɗa, har tai iya. Nic ce shi huta. Yac ce, "Amarya, in ta tsaya, wani za shi hau hanyar nan."

Ranar Alhamis da hantsi Saude tak kira ɗan aiken rasuwa, tam miƙa mashi sunan Sanusi. Babu wanda yah hau mashin. Na nesa sunka ji, sunka yi mashi addu'a inda suke.

Allah shi jiƙan angona, shi haskaka makwancinai, shi raya abin da yab bari.