Oba-obar Na'Allah

Tare muka tashi da Na'Allah a Babura, gidanmu na kallon nasu. Ni na yi sakandare a Kazaure, shi ko aji huɗu bai ƙarasa ba ya bi babansa kara, kasuwar shanu, yana riƙe igiya. Shekara ashirin ba abin da ya tara sai murya, murya kuwa kamar an buga gwangwani.

Bana 'yan sanda suka tara 'yan kasuwa suka koya mana abin yi in an ga kayan da ake zargin bam ne. A killace wurin, a kwashe mutane, a sanar. Wanda ya fi kamawa shi za a ba oba-oba, rediyon nan tasu ta hannu, ya shugabanci tsaron kasuwa. Wallahi na riga na ga kaina da ita a ƙugu. Na haddace komai, har da Turancinsa.

Ranar kasuwa aka yi gwaji. Insifeta ya sa aka yar da baƙar jaka kusa da masu fura, ya ce mini Malam Ashiru bismilla. Na gyara murya na ce, “Kayan zargi! A killace!”

Sai Dela mai fura, baiwar Allah, ta sunkuci jakar ta cusa ƙarƙashin teburinta. Wai ai na ce a killace, ta killace wa mai ita. Jama'a kuma suka yi caa, kowa na son ganin abin da ke ciki. Na yi ta zuba Turanci, ko kallona ba a yi ba.

Na'Allah bai haddace ko kalma ɗaya ba. Hannu ya sa a baki ya ce, “Sa ya ɓalle!”

Kafin Insifeta ya duba agogo fili ya zama wayam, har Dela ta bar ludayinta.

Shi aka ba oba-obar. Kishi nake, ban ɓoye ba, abin na cina har yau. Ƙarya fa ya yi, ba wani sa!

Yanzu in aka yi magana da Turanci a cikinta, nemana yake. “Ashiru ɗan'uwa, me suka ce?” Sai ya kara mini ita a kunne in fassara. Wata biyar ke nan, bai taɓa sakar mini ita na riƙe ba.