Naman da Ba a San Wanda Ya Yanka Ba

Asabar: Talata Mafara zuwa Maradun

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, matata Saratu tana yi mini tsiya wai sammakon banza nake yi. Gaskiyarta kuwa, don yanzu babu direban da zai kama hanyar Maradun sai gari ya waye tangaran. Sai bakwai da kwata motarmu ta cika, mu biyu a gaba, huɗu a baya.

Ga abin da ya fitar da ni. Ni malamin Bayoloji ne a wata makarantar kuɗi a Mafara, Kirista, mutumin Zuru. Ɗalibata mafi ƙwazo, Sa'adatu, ba ta dawo daga hutu ba, ga shi ranar Alhamis za a rufe rajistar jarrabawar fita. Laifin nawa ne. Wata rana ta tambaye ni a aji ko ni na yarda mutum dabba ne kawai. Don gudun maganar addini sai na ce, "Ni ba ruwana, abin da ke littafi nake koyarwa, ki rubuta ki ci jarrabawa." Ta kai wa mahaifinta maganar a Bakura, ya ce ta zauna gida. Kafin in tunkare shi na ga gara in nemi shawarar Baba Ishaya, tsohon malamin da ya yi ritaya a Maradun.

Mun wuce shingen sojoji biyu. A na biyun aka leƙa ledata, aka ga sukari da ganyen shayi, aka ce mu tafi. Takwas da minti biyar muka isa.

Baba Ishaya ya sa aka soya mini kifin dam, muka zauna gindin dalbejiya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya fara jefo tambayoyi. "Mi ya sa in ka shuka gero ba ka girbin dawa? In yaro ya yi satar amsa ba wanda ya gani, mi ya mai da ita laifi? Mi ya sa ka baro gidanka kan ɗiyar wani?" Na yi ta kame-kame, ina cewa dokar makaranta.

Ya yi dariya. "Bitrus, waƙoƙin coci kam ka iya su, amma ba ka taɓa duba harsashin da kake tsaye a kai ba. Malamin da ya ce ba ruwanai ma darasi ya koyar. Ya koya wa yara cewa babu abin da ke da daraja sai maki." Na ji kunya ƙwarai, shekara tara ina riƙe da alli. Har la'asar muna warware tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, shi da tambaya, ni da gumi. A ɗakin baƙinsa na kwana.

Lahadi: Maradun zuwa Bakura

Bayan addu'ar safe da iyalinsa na kama hanya tara da rabi. Dole sai an koma ta Mafara a canza mota. Direban Bakura mai surutu ne, tun daga tasha yake ba mu labarin tsadar taki, har muka sauka sha biyu saura kwata. Na ce wa mai kabu-kabu rumfar Alhaji Bello mahauci, mahaifin Sa'adatu, ya karɓi ɗari uku ya ajiye ni a bakinta.

Alhaji na tsaye yana sara. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gajiya, iyali, kasuwa, har damina. Ya sa aka ba ni benci da ruwa.

Na ce, "Alhaji, na san don ni Kirista ne ka janye Sa'adatu."

Ya aje wuƙa. "A'a, Malam. Tun ranar da nik kai ta na san addininka. Wanda ya koya min lissahi ma Kirista na. Dubi naman ga. Kowa ya zaka saye, ya san wa ya yanka, ya san da sunan wa anka yanka. Wanda ba a san mai yanka nai ba mushe na, ko kyauta ba mu amsa. Kai ko ka ce ma ɗiyata ilimin da kake ba ta ba ka san tushenai ba, ba kuma ruwanka. To in bar ta tana cin mi?"

Ashe ɓoyewar da nake yi don zaman lafiya ita ce ta tsorata shi. Sai na faɗa masa abin da na tsaya a kai. Na yarda Allah ne ya yi duniya da tsari, shi ya sa ake iya bincikenta a fahimta. Jikin mutum yana kama da na dabba ta wurare da yawa, zan kuma koyar da hakan yadda yake, amma mutum yana da daraja da alhakin da za a tambaye shi a kai. Ƙarya laifi ce ko babu mai gani. Na ce akwai inda addinina da nasa suka rabu, ba zan ɓoye ba, ba kuma zan ja 'yarsa zuwa nawa ba.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sai ya yanki tsoka mai kyau ya naɗe a takarda ya miƙo mini. Na kai hannu aljihu ya harare ni. "Ni na yanka, kai ma iyali. Gobe tana tahowa."

Komawa gida

Uku da rabi na shiga gida, Saratu ta karɓi naman tana cewa ashe sammakon bai tashi a banza ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Ishaya, na gode wa Alhaji Bello.

Ranar Litinin na tarar da Sa'adatu a kujerarta ta gaba. Kafin in buɗe littafi na ce, "Akwai tambayar da kika yi mini ban amsa ba. Yau da ita za mu fara."