Sifikun da Ba Su Iya Ƙarya ba

Mai Sauti ya daɗe yana haɗa wa mawaƙa kiɗa a ɗan ɗakin da ya lilliƙa wa soso a bango, yana amfani da wata tsohuwar sifikar biki mai shegen duma. Duk abin da ya sa mata sai ya fito zaƙwai-zaƙwai da daɗi, amma da waƙar ta shiga motar wani sai ganga ta danne murya. Abin ya ishe shi. Ya yi ta zaryar shaguna har ya samo ƙananan sifiku biyu daidai ƙarfinsa, masu amfilifaya a cikinsu, waɗanda ba sa ƙara wa sauti gishiri.

Ƙanin matarsa ya fara gwada su, mutumin da ke ganin duk duniya ba mawaƙi kamarsa. Ya saurari waƙarsa, ya yamutsa fuska.

"Yaya, an cuce ka. Ji yadda suke shaƙe min murya. Ka mayar musu da kayansu."

Mai Sauti ya dafe kai. "Sifiku lafiyarsu ƙalau. Dama can haka muryarka take, tsohuwar ce ke rufa maka asiri."