Ranar da ƙyauren Baba ya ƙi yin shiru

Ku matso kusa, 'yan uwa, wannan ba zancen da ake ɗaga murya ba ne. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa gidan su maigidana a Boɗinga, daga Shagari aka kawo ni. Gida ɗaya muke da surukaina, Baba da Inna. Ni ba mai fita ba ce, boko ma ban yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Inna takan ce ko tururuwa ta yi tari a zaure sai na ji.

Bayan babbar Sallah ne, nama ya wadata a gida. Baba dattijo ne mai son soye, ga shi shan ruwa bai dame shi ba. Ƙyauren bayan gidansa na kwano ne, kullum bayan asuba sai na ji kukansa, ƙiiii. Sai kawai na daina ji. Kwana da kwanaki shiru. Baba ya rage tuwo, ya bar leƙa gonar albasa, in zai zauna sai ya dafe ciki. Kowa ya gane cikinsa ya ɗaure, to amma wa zai tari Baba da zancen bayan gida? Shi kuma da ya faɗa da bakinsa, gara ƙasa ta tsage ya shige.

Wata safiya ina shara, na ji Inna tana yi wa maƙwabciya raɗa ta kan katanga: "Filasko na dahwa mai cikin kunun tsamiya, bai sani ba. Ke dai yi shiru." Filasko dai kun san shi, ganyen nan mai sakin ciki. Na ce a raina, madalla.

Da hantsi maigidana ya dawo daga kemis, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga maganin ƙarhin jiki." Da ya shigo ɗaki ya ce mini ƙwayar sakin ciki ce, kada kowa ya ji. Ban ga abin tsoro ba, wallahi. A wautata, magani kan magani ƙarin lafiya ne.

Can sai ga aminin Baba, dillalin albasa, ya dawo daga kasuwar Shagari da wata kwalba da ya saya wurin masu tallar magani a mota. Ina bayan zaure ina wanke-wanke na ji ya ce, "Kurɓa guda, Alhaji, ciki shi wanke tas."

Baba ya ce, "In guda na wankewa, rabin kwalba fa?"

Suka yi dariya. Na ji maƙogwaro yana ƙwat, ƙwat, ƙwat.

Kafin azahar ƙyaure ya yi kuka. Inna ta yi murmushi, maigidana ma ya yi, kowa yana ganin aikinsa ne. Ƙyaure ya sake kuka. Ya sake. Tun ana murmushi har fuskoki suka canza. Wajen la'asar na ji buta ta faɗi, na kasa kunne in ji takun Baba, ban ji ba. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba.

Aka tarar da shi kwance a bakin ƙyauren. Innalillahi! Mutumin da na gani da safe da ƙafarsa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ana kira ba ya amsawa sai da ƙyar. Inna sai salati take. Motar maƙwabci aka samu, har da ni aka tafi don riƙe Inna.

Malamin asibiti ya ɗan tsunkuli fatar hannun Baba, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya ce, "Ruwan jikinai ya ƙare. Mi kunka ba shi?"

Inna ta ce, "Kunu ɗai yas sha."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Baba ya motsa baki ya ce, "Ba komi."

Malamin ya ce, "Jama'a, rai na a hannunmu. In ban san abin da ac cikinai ba, ƙaƙa zan yi?"

Ni fa tunda aka kawo ni gidan, ban da gaisuwa a durƙushe, ban taɓa haɗa magana gaban Baba ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya ina kallon bango, na zayyana komai: filaskon Inna, ƙwayar maigidana, rabin kwalbar Shagari.

Inna ta dubi ɗanta ta ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Inna, ke ma?"

Malamin ya riƙe baki. "Ukku? Ga dattijo, yini guda? La'ilaha illallahu!"

Nan take aka ɗaura ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Da Baba ya farfaɗo aka koma ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓa-kurɓa. Malamin ya ce da mun tsaya gida muna neman ƙwayar tsayar da gudawa, da wani zancen ake yi. Ya ce tsoho in cikinsa ya ɗaure, ruwa da miyar ganye ake farawa da su, in za a ba da magani a ba da guda, kuma kowa ya sani.

Da aka sallamo Baba na shiga ɓuya, ko tsakar gida ba na ratsawa in yana nan. Ran nan ya aika aka kira ni. Na durƙusa daga nesa, ina jiran faɗa. Ya ce, "Ɗiyata, Allah Shi yi miki albarka. Kunnenki ya hi idanun gidan ga duka." Sannan ya juya wurin ɗansa: "Kai kuma, a sa ma ƙyauren can mai."

Baba ya yi shekaru bayan nan, Allah Ya jiƙansa. Abin da har yau yake ɗaure mini kai, duk cikinsu babu maƙiyinsa. Matarsa, ɗansa, amininsa, kowa don ƙauna ya yi, kowa don kunya ya ɓoye, saura ƙiris mu rasa shi. Yanzu a gidana ko ganye zan dafa wa mutum sai na faɗa masa, kuma sai na tambaya me ya riga ya sha.

Ku fa, a gidanku, in ciwo ya zo ta wurin da ake jin kunya, wa ke da bakin faɗa?