Baba Maitama, Mai Gyaran Garayar Turawa

Kafin masu shagunan ƙasan benensu a unguwar Cheras su ɗaga ƙofofi, Baba Maitama ya riga ya sauko da jakarsa. Ba ya karyawa a gida. Yakan yi tapau, wato a ƙunshe masa roti, gurasar nan mai maiƙo, a wurin mamak mai shayi, ya cusa a gefen jaka, sai ya gama aikin farko zai ci, don ba ya son maiƙo a yatsunsa. Daga nan sai jirgin ƙasa. Yau otal, gobe makarantar kiɗa, jibi gidan wata tsohuwa da ta daina kaɗawa amma ta ƙi yarda kayanta su lalace.

Abin da yake kula da shi haf ne, garayar nan ta Turawa da ta fi mutum tsawo, mai tsirkiya fiye da arba'in da feda bakwai a gindinta. Idan ya shiga ɗaki ba ya fara taɓa ta. Sai ya zagaya, ya shinshina katakon, ya kanga kunne. Sannan ya taka kowace feda ya ji ko muryar ta hau daidai. In ta kauce, ya ɗauko ɗan sukudirebansa ya juya ƙananan ƙarafan da ke matse tsirkiya, kaɗan-kaɗan, har ta dawo. Ƙyallen da ke ƙarƙashin feda kuwa duk shekara yake sauya shi. Garin nan ba ya tausayin katako: waje laima, ciki sanyin na'ura, yau ya kumbura gobe ya tsuke.

Bakatsine ne. Karatun injiniya ya kawo shi wannan ƙasa ta ƙetare tun yana saurayi, ya kama aikin hutu a shagon wani dattijo Basine mai gyaran fiyano da haf, ya gama karatun bai bar shagon ba. A can wata tsirkiyar ƙarfe ta tsinke ta tafi da idonsa na hagu. Shekara talatin ke nan da ido ɗaya yake wannan aiki.

Ni Ramatu, karatun digiri na uku ya kawo ni, kuma ta dalilin 'yata Walida na san shi. Tana da sikila. Ba ta gudu, ba ta iyo, duk abin da sa'o'inta ke yi sai dai ta kalla. Haf ce kaɗai aka ce ta zauna ta rungume, kuma ta rungume ta da gaske, a wata ƙaramar makaranta da ke hawan ƙasa a unguwar Setapak, wurin malamarsu Cikgu Salmah.

Wata Juma'a aka yi ruwan da ya shiga makarantar har gwiwa. Garayar makarantar ta kwana a ciki. Washegari da hantsi muka taru, iyaye da yara, muna kwashe taɓo. Walida ta wuce ɗakin ciki da tsumma ta durƙusa tana goge gindin garayar. Ni ina waje ina matse labule, ban ga laifin hakan ba.

Cikgu Salmah ce ta kira Baba. Ya iso da wandonsa a naɗe, ya gaishe mu, ya nufi ɗakin. A bakin ƙofa ya tsaya cak. Na zo bayansa, a nan na ji abin da ya ji: ƙas. Shiru. Sai kuma ƙas, kamar ana taka busasshen kara.

"Maman Walida," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, bai waiwayo ba, "kada ki yi ihu, kada ki shiga. Gam ɗin ƙirjinta ya saki. Jan da tsirkiyoyin nan ke yi ya kai nauyin ƙaramar mota. In ta ɓalle, gaba ɗaya za ta ɓalle."

Fuskar 'yata ba ta fi taƙi biyu daga tsirkiyoyin ƙarfen ba.

"Walida," ya ce da muryar da yake gaishe ta da ita kullum, "ajiye tsumman nan. Kada ki dafa ta. Ja da baya da gwiwoyinki, a hankali. Boleh? Za ki iya?"

"Boleh, Baba. Amma ban gama ba lah."

"Ni zan ƙarasa miki."

Tana ja yana matsawa, har ya sa jikinsa tsakaninta da garayar. Na fizgo ta na ƙanƙame. Cikgu Salmah ta fitar da sauran yaran titi, ta dawo tana roƙonsa ya fito a rufe ɗakin kawai. Ya ce in an rufe, wani zai buɗe. Mai shara, ko mai gini, ko yaron da ya manta jakarsa.

Kai ne ka zauna a ɗakin nan kai kaɗai, Baba. Daga bakin ƙofa na ga ka ɗora makullin sassauta tsirkiya a kan turakun da aka ɗaure tsirkiyoyin. Na ga ka tsaya, ka goge tafinka a riga, ka karanta abin da ka karanta, ka sake ɗorawa. Ka sassauta ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, don kada nauyin ya koma gefe guda. Duk juyi sai katakon ya amsa.

Ya kusa gamawa sai muka ji tas! Tsirkiya ɗaya ta ƙarfe ta tsinke ta zabge shi a girar dama, gefen idon da ya rage masa. Jini ya rufe masa fuska. Na ƙwalla ihun da ya hana ni. Bai saki makullin ba. Ya ce, "Ku tsaya inda kuke, saura kaɗan," ya ci gaba da lalube, yatsa na bin turaku, har tsirkiya ta ƙarshe ta kwanta. Sannan ya zauna daɓas a cikin taɓo ya ce a kira masa matarsa.

An ɗinke girar ta warke. Garayar ma ya gyara ta, wata uku tana kwance a falonsa, yanzu Walida na kaɗa ta. Idon ne bai koma yadda yake ba. Ya fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo, daga baya wani duhu ya soma saukowa daga sama kamar labule. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bai yi alkawarin komai ba.

Na je duba shi. Matarsa Inna Habiba ta ja ni kicin ta ce, "Ku kuna ganin bai san tsoro ba. Tun da na aure shi, duk ranar da zai taɓa tsirkiyar ƙarfe ba ya iya haɗiyar abinci. Maiƙon yatsa da yake faɗa, rabin gaskiya ne."

Da na fito na tambaye shi. Ya yi 'yar dariya. "Tsoro kam ina ji, Maman Walida. Ranar nan ma na ji, yanzu kuma ya fi. Amma wanda ba ya tsoron garaya ba zai zo duba ta tun tana lafiya ba. Sai ta yi ɓarna."

Ni ma tsoro nake ji, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron a kwance masa bandeji ya tambaya ko an kunna fitila. Ina tsoron garayun da ke tsaye a otal-otal da makarantu, yara na jingina kumatu a jikinsu, babu mai zuwa ya saurara. Masu kaɗawa ana tafa musu, ana ba su furanni. Shi ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita, yawancinsu Pak Cik, wato kawu, kawai suke ce masa, ba su san sunansa ba.

Maitama na Habiba, kunnen da ke ji kafin a ji. Na gode. Idanun 'yata biyu suna nan, kuma na san abin da ka bayar a kansu. Allah Ya saka maka, Ya riƙe hannun likita, Ya bar maka haskenka.

Ku kuma samarinmu da 'yan matanmu na Setapak da Cheras, masu karatun injiniya da masu neman abin yi da hannu, ga saƙonsa. Ya ce ko idon ya tafi, kunne da yatsu suna nan, zai ɗora hannunsa a kan na duk mai son koyo. Sharaɗinsa ɗaya: mutum ya zo da haƙurin duba abu tun bai lalace ba. Har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ranar Laraba za a shiga da shi. Ku sa shi a addu'a, sannan wani a cikinku ya tashi ya je.